Zare a Cikin Fanka

Zuwa ga 'yata Nas,

Gaisuwa mai tarin yawa daga rumfata, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yaran, har da bayin Allah da kike tsikara da allura. A takarda na rubuto, zan ɗauki hotonta in tura miki, don kin san yatsuna sun fi ƙarfin madannan waya.

Kafin komai bari in cire hula in yaba miki. Wallahi zamani ya yi, karatu ya yi. Mu da muka tsufa a kasuwa mun ɗauka in mata da miji suka daina jituwa sai an tara manya an ɓata yini ana ba da haƙuri. Ashe duk duhun kai ne. Ashe abin da ake bukata kwamfuta ce marar ƙara. Duk lokacin da na sake karanta saƙonki sai in ƙara girmama makarantar da ta yaye ki: a haɗa wa Babanki sabuwar kwamfutar wasa, a sa mata sanyin ruwa don kada a ji numfashinta, a saya masa hedfon mai toshe kunne ruf, shi ya yi tuƙinsa, Mamarki ta yi barcinta, aure ya tsira. Da na san dabarar nan tun da wuri, da na sauke allon rumfata na rubuta “Ofishin Sulhu”, tunda kayan aikin duk ɗaya ne.

To, wasa gefe. Kin san yadda aka fara. Tun da ƙafar Direba, wato Babanki, ta ƙi ɗaukar birki kamfani ya sallame shi, na ga mutum yana narkewa a kujera kamar kitse a rana. Shi ya sa na kai masa tsohuwar kwamfutar nan da sitiyari da wasan tuƙin tirela. Kin ga yadda ya farfaɗo. Mutumin da ba ya iya buɗe saƙo a waya, yau ga shi yana ɗaukar kaya daga gari zuwa gari a ɗakin baya, yana zagin masu ƙananan motoci kamar suna jinsa. Sai dai tsohuwar ta gaji. Fankarta na ruri kamar injin niƙa, lasifikokinta na kakari, shi kuma sai ya ƙure murya don ya ji injinsa a kan rurin. Yaya, wato Mamarki, ta ce kanta na sarawa, za ta zo wurinki “ta ɗan huta”. Ni da ke mun san Yayata. Macen da ko rasuwa aka yi ba ta kwana a gidan wani, in ta ce za ta ɗan huta, ba hutu take nufi ba.

Ga abin da sana'ata ta sani. Ƙwaƙwalwar kwamfuta in tana wasa zafi take ɗauka kamar dutsen guga, dole a janye mata shi. Hanya biyu ce. Ko dai a ɗora mata wani tulin ƙarfe mai faranti-faranti fanka na hura shi, ko a sa ɗan famfo da tiyo su riƙa kai ruwa lagireto, kamar dai na mota. Na ruwan ya fi kyau a hoto, har da fitilu masu canza launi, samari na mutuwa a kansa. Amma shi ma akwai fanka a jikin lagireton, ba shirun kabari gare shi ba, kuma ranar da famfon zai mutu ba ya sallama da kowa. Na ƙarfen kuwa mummuna ne kamar Kawunki. Sai dai in fankarsa babba ce tana juyawa a hankali, ba abin da za ki ji sai ɗan huci, in kuma ta lalace ko mai gyaran keke ya canza ta.

Maganar hedfon, akwai wani da na ajiye a rumfa, irin wanda in kin sa ko gobara ake a bayanki sai dai ki ji ɗumi. Zan kai masa aro ya gwada kafin mu sayi komai. Zan kuma leƙa cikin tsohuwar in ga abin da za a iya cirewa a ɗauke zuwa sabuwar, don in tafiye-tafiyensa na cikin wasan suka ɓace a hannuna, ba ni da sauran shiga gidan nan.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce masa har yanzu ina jiran ya zo ya karɓi firintar da ya kawo gyara, ta fara zama 'yar gida.

Kawunki mai kayan kwamfuta.

*

Zuwa ga Kawu,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kasuwa tana albarka. Na ga takardarka, na kuma gane yabon. Na gode, na ajiye shi inda nake ajiye sauran.

Kawu, ina roƙonka kada ka mai da abin nan wasa. Mama ta kira ni ranar da nake aikin safe, ban samu ɗauka ba sai da na fito. Ba ta yi kuka ba, ka san ta. Cewa kawai ta yi ta sauko da akwatinta daga saman durowa ta goge shi. Na tambaye ta me Baba ya yi mata, ta ce bai yi mata komai ba, ƙarar ce. Na ce ta faɗa masa ya rage, ta ce ita ba ta hana mutum abin da ya rage masa.

Gidana a buɗe yake gare ta, wannan ba sai na faɗa ba, ko da a falo zan kwana. Amma ina ganin irin su Baba a asibiti kullum. Namijin da aka bari shi kaɗai a wannan halin ba ya cewa yana jin yunwa, ba ya cewa ya manta magani, sai dai a kawo mana shi. Kuma ba zai taɓa buɗe baki ya ce mata ta zauna ba. Ita ma in ta fito, kunya ba za ta bar ta ta koma da ƙafarta ba. Abin da nake tsoro ke nan.

Ni ban san ƙarfe ba, ban san famfo ba. Mama ta ce ƙara, ni kuma ina so a cire ƙarar gaba ɗaya, ba a rage ta ba. Na karanta cewa na ruwan ya fi shiru, shi ya sa na zaɓe shi. In kana ganin akwai haɗari ka faɗa min a fili ba tare da habaici ba. Hedfon ɗin kuwa ka kai masa yau in da hali, kada ka jira.

Maigidana yana gaishe ka, ya ce firintar ya bar maka ita sadaka.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata Nas,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda aka yi wa faɗa kuma ya ji. Ga rahoto ba habaici, ko kuwa in ce da ɗan kaɗan, don in na cire shi duka ba za ki gane rubutuna ba.

Na kai hedfon ran da kika ce. Na samu Direba a bakin aiki, yana hawan wani tsauni da lodin katako, tsohuwar na ihu kamar ana yanka ta. Ya ce, “Dillali, me ka kawo min yau na cuta?” Na ce, “Kunnuwa na kawo maka, naka sun tsufa.” Na zare wayar lasifika na ɗora masa hedfon ɗin. 'Yata, da kin ga fuskar Babanki. Ya saki baki, ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Sai ya kwarara ihu, don mai hedfon ba ya sanin ƙarfin muryarsa: “Kai! Har ƙarar sigina ina ji! Ga ruwa yana dukan gilashi! Wannan giyar ta uku tana da ɗan ciwo, ka ji ta?” Na ce ban ji ba. Bai ji na ce ban ji ba.

Ana haka Yaya ta shigo da shayi. Ta yi masa magana, shiru. Ta ƙara, shiru. Ta tsaya a bayansa da kofi a hannu tana kallon ƙeyarsa, shi yana ta murmushi da allo. Ta ajiye kofin a gefen tebur a hankali, ta ce min, “Auta, aikinka ya yi kyau.” Ta fita. Ni kuma na bi ta da godiya kamar wawa, na koma rumfa ina jin kaina likita.

Bayan 'yan kwanaki na koma da sukudireba don in leƙa cikin tsohuwar. Gidan tsit, har kana jin famfon banɗaki yana ɗiga. Na lallaɓa Direba ya yi fakin, na kwance murfin. Ki san cewa duk kwamfutar da aka kawo min, kafin mai ita ya buɗe baki fankarta ta riga ta ba ni labarinsa. Fanka ba ta da sirri, duk abin da ke yawo a ɗaki sai ta shaƙe shi. Ta mai shan taba tana da danƙo ruwan ƙasa. Ta mai kyanwa gashi ne. Ta ɗalibi ɓurɓushin biskit. Na taɓa buɗe ta wani mai rantsuwa cewa a ofis take kwana, na samu hodar kwalliya, amma wannan labarin wata rana ne.

Ta Babanki zare ce. Dam, kamar an saƙa mata hula. Ja, shuɗi, fari, da wannan ruwan ɗorawar na kayan makarantar da Yaya ke ɗinka wa 'yan unguwa. Shi ya toshe ta, shi ya sa take ruri.

Yanzu ki yi tunani tare da ni. Keken ɗinkin Mamarki tun kina rarrafe a falo yake, bakin taga, inda haske yake. Tsakanin falo da ɗakin baya akwai lungu da ƙofa. Ɓurɓushin zare ba ya tafiya da ƙafa. Na duƙa na duba ledar ƙasa, sai ga sawun ƙafafun keke sun lotsa ta, nan gefen kujerarsa, ko taku ɗaya babu tsakani. Na tambayi Direba, ya ce, “E, ai nan take ɗinki da. Ta ce wai falon ya yi mata iska. Shekaranjiya kuma ta ja abinta ta mayar.” Ya faɗa kamar yana ba ni labarin farashin taya.

Ke nan macen da ƙara ke sara wa kai ta ɗauko kekenta daga wurin haske ta kawo shi cikin ƙarar, ta zauna wata da watanni. Da muka kawo mata shiru kuma ta kwashe kayanta ta fita. Da zan tafi na ga akwatin ya baro ɗaki, yana bakin ƙofar falo.

Ban sayi komai ba tukuna. Ki dakata da maganar ruwa da ƙarfe, ina ganin ba a nan ciwon yake ba.

Kawunki, wanda ya sauka daga kujerar likita.

*

Kawu,

Ina gaishe ka. Ka yi haƙuri da gajeren rubutu, a tsaye nake.

Mama ta kira, ta ce Asabar za ta taho, in je in tarye ta a tasha. Na ce mata ba an cire ƙarar ba? Ta ce, “An cire, Allah ya yi miki albarka.” Muryarta kamar ta mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro, Baba ma ya kira. Ka san bai taɓa kirana da kansa ba, sai dai Mama ta miƙa masa. Ya tambayi yara, ya tambayi aiki, ya yi ta kewaye-kewaye, can ya ce, “Uwarki ta ce miki wani abu ne?” Na ce kamar me? Ya ce a'a, ba komai, ya kashe.

Na karanta maganar zaren har na kusa haddace ta. Ban gane ba, Kawu. Ta ce ƙara, na cire ƙara. In ba ita ba ce, me ya sa ta ce ita ce? Ni ba za ta faɗa min ba, har gobe yarinya take ɗaukata. Kai ƙaninta ne, tana zaginka, wanda take zagi kuwa shi take faɗa wa gaskiya. Don Allah ka rufe rumfa ka je. Duk abin da ka ga ya dace a haɗa, ka haɗa, na janye zaɓina.

'Yarka.

*

Zuwa ga 'yata Nas,

Gaisuwa, da fatan kin samu kin zauna. Na rufe rumfa da rana tsaka, abin da ban yi ba ko ranar da aka haife ki, na je.

Na samu Yaya a falo tana kafa maɓalli. Na zauna a kan akwatin da gangan. Ta ce, “Tashi min a kan kaya, buhun banza.” Na ce sai ta faɗa min abin da ya kai zarenta cikin fankata. Ta ce, “Fankarka ce ko ta mijina?” Na ce to, ta mijinta. Ta yi ta cizon zare, har na fara tunanin na yi asarar cinikin yini. Sannan ta yi magana, ba ta kalle ni ba.

Ta ce, “Ka san wannan hucin da tirela ke yi in an ja birkin tsayawa? Tsss ɗin nan?” Na ce na sani. Ta ce, “Tun ina amarya shi nake jira. Ba waya a lokacin, ba a san ranar dawowa ba. Ina cikin wanki, ina cikin barci, in na ji tsss a bakin layi sai in ga na miƙe kafin in san na miƙe. In ɗora ruwa, in gyara ɗankwali. Ya shigo yana warin man inji ya ce, yaya gida? Shi ke nan, Auta, abin da nake samu ke nan, kuma ya ishe ni.”

Ta ce da na kawo wasan nan ta ji daɗi. Duk tsawon aikinsa kamfani bai yarda a ɗauki iyali ba, ba ta taɓa zama a gaban motarsa ba. Sai ga hanya ta zo har ɗakin baya. Ta ja kekenta ta zauna. Ba ta kallon allo sosai, da kunne take bi: yanzu yana kan gada, yanzu ya shiga ruwa, yanzu wani ya sha gabansa. “Har na san in zai yi ribas, don numfashinsa yana canzawa.” Amma masu wasan nan, Allah ya shirye su, sun kwaikwayi tsss ɗin daidai. Duk sanda ya kai kaya ya ja birki, sai ta ji ƙafafunta sun miƙe da kansu. Ta tsaya riƙe da almakashi. Shi kuwa ko waiwaye, ya danna ya ɗauki wani lodin ya wuce. Ta ce, “A yini sai ya iso sau nawa, bai taɓa isowa wurina ba. Me zan ce wa yarinya? In ce ina kishi da birki? Sai na ce ƙara.”

Na ce to yanzu da aka yi shiru fa? Ta ce, “Da ina jin inda yake. Yanzu wani tsoho ne a kujera yana yi wa bango murmushi.”

Nan ɗan kasuwa ya motsa a jikina. Na ce mata an gama, zan kawo lasifikoki masu kyau, murya garau ba kakari, ta ji komai kamar tana gaban mota. Ta dube ni irin kallon da take min tun ina satar mata canjin aike. Ta ce, “Kai komai sai ka ce akwai shi a rumfarka. Ba lasifika nake nema ba. In ya tsaya ya waiwayo. Kana sayar da wannan?”

Na ce ya ƙare, amma ana sa ran zuwansa.

Na leƙa wurin Direba, na ɗage masa hedfon daga kunne ɗaya. Na ce, “Oga, ka san madam tafiya za ta yi?” Ya ce ya ga akwati, shi ba makaho ba ne. Na ce to? Ya ce, “To me? Mace ta yi haƙuri da ni ina kan hanya, yanzu kuma in ce ta yi haƙuri da ni ina kan kujera?” Ya juya sitiyarin da ba ya tafiya ko'ina. Can ya ce, “Ni fa da nake ƙure muryar nan, so nake ta ji har yanzu ina shiga da tirela da baya ba tare da na taɓa komai ba. Na ɗauka tana ji.” Na ce ya faɗa mata mana. Ya ce, “Dillali, mayar min da kunnena.”

Kin ji su. Ɗaya na ihu da lasifika, ɗaya na amsawa da akwati.

Ga abin da zan haɗa, tunda kin sakar min. Sanyin ƙarfe, babba, mai fanka mai tafiyar hawainiya, don kada na'urar ta sa baki a maganar mutane. Gidan kwamfuta mai faɗi, iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, da raga a bakin shigar wadda ake zarewa a kakkaɓe, saboda ina sa ran zare zai dawo. Ruwa kuwa a'a, gidan nan akwai abin da ke ɗiga da ya ishe su. Sai lasifikoki biyu na katako, ba manya ba, masu fitar da ƙasan murya yadda inji zai yi gurnani ba sai an ƙure ba. Hedfon zan karɓe abina, in ce mai shi ya zo.

Sauran abu ɗaya ba zan rubuta ba, kada ki hana ni. Ke dai ki kira ta ki ce aiki ya riƙe ki Asabar ɗin nan, ta ɗaga zuwa ta sama. In ƙaryar ta yi miki nauyi ki rubuta ta a sunana, akwai wuri.

Kawunki.

*

'Yata,

Ina gaishe ki da yaran. Allah ya raya su. Na ce bari in rubuta, don a waya kina yawan katse ni.

Kawunki ya zo da kayan. Ya wuni yana ɗaure-ɗaure yana surutu. Abin ba ya ƙara, sai ka sa hannu ka ji iska. Ya ajiye lasifika ɗaya can gefen Babanki. Ɗayar, mai abin murɗa murya a jiki, ya kawo ta gefen da nake ajiye keke, nesa da hannun Babanki. Ya ce wai waya ce ta yi gajarta. Ƙarya yake, ina kallonsa ya naɗe ragowar ya cusa bayan tebur. Babanki ma ya gani, ya kau da kai. Ya ce kuma lasifikar tana son tudu, ya je ya jawo akwatina ya ɗora ta a kai. Na bar shi don ban son jan magana da mahaukaci.

Washegari Babanki ya kira ni daga ɗaki, wai in zo in ɗan ƙara masa murya. Na ƙara. Na koma falo. Ya sake kira wai ta yi yawa. Na ga zirga-zirgar ba za ta ƙare ba, na jawo keken.

Ya yi tafiya mai nisa, akwai ruwa a hanya. Da ya kai, ya shiga da baya bai taɓa komai ba. Ya ja birki, abin ya yi tsss. Ban tashi ba. Na sa hannu na murɗe muryar, na kashe ta gaba ɗaya. Ya juyo ya ce, “Lafiya?” Na ce, “Ka iso.” Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, “Na iso.” Na ce, “To sannu da hanya.” Ya cire hannu daga sitiyari ya ɗora a gwiwa. Ya ce, “Yaya gida?”

Kada ki je tasha Asabar. In na sa wata rana zan faɗa miki.

Mamarki.

*

Zuwa ga 'yata Nas,

Gaisuwa a gurguje, akwai mai saye a tsaye yana taɓa min kaya.

Kin tambaya ko an gama. Ni na'ura na haɗa, ita kam lafiyarta lau, ko ɗumi ba ta yi. Na leƙa jiya na zare ragar gaba, ta fara tara zare, shuɗi ya fi yawa. Akwatin yana nan ƙarƙashin lasifika. Na ɗan taɓa shi da ƙafa, da nauyinsa, ba ta kwashe kayan ba. Na tambayi Yaya, ta ce in kula da abin da ya dame ni.

Direba ya ja ni gefe ya ce yanzu lodi biyu kawai yake samu kafin a kashe masa inji, wai an hana shi ci gaba a sana'a. Na ce akwai doguwar waya a rumfa, in kawo in dawo masa da abin murɗawar gefensa? Ya ce, “Wa ya aike ka?”

Hedfon yana rataye a rumfata. Ɗazu wani ango ya zo yana tayawa, ya ce yana son wanda in ya sa ba zai ji komai a gida ba. Na ce ya dawo gobe.

Ke da kika yi karatu, in sayar masa?

Kawunki mai kayan kwamfuta.